Na yi bakancen rago ƙarfina bai kai ba, yaya talaka ke gode wa Allah?

Telan Dole:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wata magana ce ta tsaya mini a rai kusan wata 2 kenan, na rasa wanda zan faɗa ma, shi ne na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu mai haska mini.

Ni tela ne, ina da ɗan shago ba nisa da kasuwar Dole a nan Damagaram, keke guda ne da yaro guda mai sa maɓalli. Cikin watan 8, daminar nan da ta wuce, ɗiyata 'yar shekara 3 ta kwanta da masassara, muka ɗauka irin wadda aka saba ce muka yi ta ba ta siro, ashe palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, ke cin ta a hankali. Dare na 3 wajen ƙarfe 2 jiki ya rikice, na haska tafin hannunta da fitilar waya na gan shi fari fat, ga ruwa ana tsugawa, lungunmu ya zama taɓo, motona kuma na saida shi tun bara. Na saɓa ta a kafaɗa na fito ina gudu uwar tana bayana ko takalmi babu. A bakin titi muka tarar da wani ɗan kabu-kabu ya fake ƙarƙashin rumfar mai shayi, wallahi ban ce masa komai ba, yarinyar kawai ya kalla ya tada moto, ya kai ni asibiti ya komo ya ɗauko uwar. Na zaro jika guda, ita kaɗai ce a aljihuna, ya ce riƙe Malam za ka sayi magani, ya juya ya tafi. Ko fuskarsa ban riƙe ba.

A can aka ce jininta ya ƙone sai an ƙara mata, a nemo mai badawa. Aka duba ni aka ce ba zai yiwu ba don ni ma ban daɗe da tashi daga jinya ba. Wani bawan Allah da ke jinyar mahaifinsa a ɗakin kusa ya ji muna maganar ya miƙe ya ce a gwada nasa. Da gari ya waye na je in yi masa godiya sosai na iske an sallame su, an ce mutanen wajen Mirya ne, iyakar abin da na sani kenan.

To a daren nan a bakin ƙofa na ce ya Allah in Ka tashi yarinyar nan zan yanka rago in raba. Alhamdu lillahi ta tashi, ga ta nan tana hana ni aiki da surutu. Na je kasuwar dabbobi sau 2, ragon da ba za ka ji kunyar yankawa ba kuɗinsa ya fi abin da nake samu a wata. Tambayata biyu ce. Ta farko ya matsayin wannan alkawali da na yi. Ta biyu kuma ita ta fi damuna, mutum 2 sun yi mini abin da ba zan iya biya ba kuma ban san inda suke ba, duk sanda na ga yarinyar tana wasa sai in ji kamar na ci bashi na gudu. Wanda ba shi da komai da mi yake godiya?

Ɗalibin Garin Malam:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara mata lafiya Ya raya ta. Ni ba mai fatawa ba ne, ɗalibi ne, don haka bayan ka karanta wannan ka tashi ka samu malamin unguwarku ku zauna.

Abin da muka karanta shi ne bakance yana hawa kan mutum in ya furta da baki, in a zuci ne kawai ya raya to bai zama bakance ba. Shi ya sa zan tambaye ka, ka faɗa ne ko ka ƙudurta ne? In ka faɗa to sadaka biyayya ce ga Allah, kuma hadisin Buhari ya ce wanda ya yi bakancen zai bi Allah to ya bi Shi. Amma tunda ba ka yanke rana ba, yana nan a wuyanka har Allah Ya hore, kar ka je ka ci bashi ko ka saida kekenka saboda rago, ƙarshen Baƙara ya faɗa mana Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Nan gaba kuma a kiyaye, Annabi (SAW) bai so bakance ba, ya ce ba ya maida komai, hanya ce kawai da ake fitar da abu daga hannun marowaci. Ba kai nake ce ma marowaci ba ɗan uwa, duk wanda ya tsaya inda ka tsaya a daren nan zai iya yin alkawalin raƙumi ma.

Tambaya ta biyu kuwa, akwai hadisi a Abu Dawuda cewa wanda ya yi muku alheri ku rama masa, in ba ku samu abin ramawa ba ku yi ta yi masa addu'a har sai kun ga kun rama. Addu'a ba ta neman adireshi. Ka sa su biyun nan cikin sujadarka. Sannan ka tuna aya ta 7 a suratu Ibrahim, in kun gode zan ƙara muku, malamai sun ce godiya zuciya ce da harshe da gaɓɓai, ta gaɓɓan ita ce ka yi aiki da ni'imar da aka ba ka ta hanyar da Mai badawa Yake so. Sai ka duba mi aka ba ka.

Maman Biyu ta Birni:

Ikon Allah, na karanta ina share hawaye don ni ma na taɓa kwana a bakin ƙofar nan. Ƙanena ka ce ba ka da komai, to ni zan tambaye ka, kana da randa?

A garin nan namu ai ba sai an je nesa ba wajen neman sadaka. Damagaram kan dutse take zaune, duk wanda ya taɓa gina rijiya a Birni ya sani, ruwan da muke sha ma daga nesa ake turo shi, Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya aka ƙaro na Ganaram, kuma duk da haka in watan 4 da na 5 suka kama sai ka ga mata da yara sun jera biduna tun ƙarfe 3 na dare. Babanmu Allah Ya jiƙansa yakan ce ko Nasara da ya ɗauke babban birni daga nan ya kai Yamai a 1926 ƙishirwa na cikin abin da ya kore shi, to in mai bindiga bai jure ba ina ga almajiri da ke yawo ƙarfe 2 na rana.

Innarmu tun muna yara tana da randa a zaure, ta haƙa rami ta binne gindinta cikin yashi tana yayyafa ma yashin ruwa, ruwan ya yi sanyi kamar na firigo, ga moɗa ga faifai a rufe. Ba ta taɓa kiran abin da suna sadaka ba, randar zaure ce kawai. Da ta rasu na ɗauko al'adar na kawo gidan mijina, yau shekara 9. Bido guda na lita 25 yakan yi mini kwana 2, lokacin zafi kwana guda, ran da ruwa ya yi tsada har dala hamsin na sayi bido ban fasa ba, sai dai in rage na wanki. Masu sha kuwa ba ka san su ba, masu tallan goro, 'yan ƙauye da suka shigo cin kasuwa ran Alhamis, masu turin kaya, har wata Bafillata mai nono da ta mayar da zaurena zangonta, yanzu in ta kwana 2 ba ta zo ba hankalina ba ya kwanciya. Malam na sama zai gyara mini in na yi kuskure, amma na ji a wa'azi cewa Sa'adu ɗan Ubada da uwarsa ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ta fi aka ce masa ruwa, ya gina rijiya ya ce wannan ta uwar Sa'adu ce.

Sai kuma kwano. Ka ce ma maiɗakinka in ta yi miya ta ƙara ruwa ta zuba ma wani gida, ko kuka ce ko kuɓewa. A 2005 da hatsi ya gagara ina amarya lokacin, wata tsohuwa maƙwabciyarmu kullum da magariba take turo jikarta da ɗan kwano na dambun zogale, ba ta taɓa tambaya ko mun ɗora tukunya ba, ta dai ga hayaƙi ba ya tashi. Har yau ban ci abin da ya kai wannan dambu daɗi ba.

Baban Fada:

Ku yi haƙuri ni zan ɗan kawo wani gefe, don kowa zai zo ya ce yi alheri yi alheri, ba mai gaya maka abin da ke biyo baya.

Shekara 3 da suka wuce Allah Ya yi mini buɗi na ja pampo gida, kuma gidana a gangare yake ruwa na zuwa mana ko da na sama ba su samu ba. Na ce to godiyata ita ce in buɗe ƙofa kowa ya ɗiba kyauta. Wata na farko addu'a har ta ishe ni. Wata na 2 takardar ruwa ta zo ta ninka sau 3, an karya kan pampo sau 2, tsakar gida ta zama kududdufi, ƙarfe 4 na asuba ana buga mini ƙofa kamar na ci kuɗin wani, ran da madam ta ce a dakata ta cika nata tukuna wata ta zage ta tas ta ce ruwan na ubanta ne? Har wasu na gano ɗiba suke suna kaiwa gaba su saida. Abin da ya fi tsaya mini kuma, wani dattijo ɗan garuwa da ya shekara da shekaru yana kawo ruwa lungunmu ya tare ni ya ce Alhaji ka kashe mini kasuwa, yara 6 gare ni. Wallahi ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Ina can ina jin ni mai alheri ne ashe na cire tuwo daga bakin wani.

Na rufe ƙofa, aka yi wata guda ana gaba da ni a unguwa. Daga baya abin da na yi, gida 4 na zaɓa, na zawarawa 2 da tsoho makaho da wani mai jinya, na ce ma ɗan garuwan nan ya riƙa ɗiba a pampona yana kai musu ni ina biyansa ladan turi. Shi ya samu, su sun samu, gidana ya huta.

Don haka Tela, duk abin da za ka fara ka fara shi daidai wuyanka, ka sa masa iyaka tun ranar farko, kar zafin godiya ya ɗebe ka ka buɗe abin da za ka zo kana rufewa da faɗa. Kuma don Allah kar ka ɗauki hoto. Na gaji da ganin mutum ya ba marayu tiya 2 ta shinkafa ya jera su a rana ya sa a Facebook.

Maman Biyu ta Birni:

Baban Fada gaskiyarku, ni ma moɗa nawa aka ɗauke mini, sai da na ɗaure ta da igiya. Amma randa ba pampo ba ce, in ta ƙare ta ƙare, ba mai buga maka ƙofa. Maganar ɗan garuwa kuwa ta shige ni, ni a wurinsu nake saye dama.

Kabu-kabu 227:

Salam. Ni ɗan kabu-kabu ne shekara 7 ina kan moto, kuma ɗan Kara-Kara ne, na faɗa da gangan don na san abin da ke zuwa ran mutane in an ambaci unguwarmu. Unguwa ce da aka fara tara kutare a cikinta tun da can, mu jikokinsu muka tashi ana ganinmu kamar abin gudu, yanzu kuma ko mi ya faru a gari sai a ce 'yan pale ne, wato 'yan daba. To ba mamaki wanda ya ɗauke ka a daren nan irinmu ne, wanda in da rana ce ka gan shi da askinsa sai ka matse aljihu hhh.

Malam Tela kar ka wahal da kanka nemansa, shi ya manta ma. Kusan dukkanmu akwai wanda muka taɓa ɗauka haka, mai naƙuda, wanda mota ta buge, yaro mai suma, ba ka iya cewa kawo kuɗi a wannan hali ko da isansinka na bashi ne. Ni abin da ke mini ciwo ba wanda bai biya ba ne, wanda zai hau tun daga tasha har Karkada ya sauka ya miƙo maka dala ashirin yana harararka kamar kai ka jawo masa talauci, ko sannu babu.

Amma abin da ya ba ni dariya a maganarka, kai da ke zaune kan keke da zare da allura kake cewa ba ka da komai. Ka taɓa duba rigunan almajiran da ke wucewa ƙofar shagonka? Wani hammata a yage, wani wando ba mazagi ya ɗaure da leda. Ɗinkin da zai ɗauke ka minti 5 shi zai yi wata 6 da yagar. Mu kanmu aljihun wando in ya huje sai kuɗi su yi ta zuba, tela kuma ba ya son gyara sai sabon ɗinki, ka kai ya ce dawo jibi, jibin da ba ta zuwa (yi haƙuri amma halinku ne). Ka ware awa 1 a sati ka ce gyara kyauta ga yara, ka ga ko ba za ka yi barci mai daɗi ba.

Ma'aikaciyar Jinya:

Sannu da jinya Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni a ɓangaren yara nake aiki, kuma abin da ka ba da labari shi muke gani kusan kullum daga watan 8 zuwa na 10, palu yana fasa ƙwayoyin jini, yaro ƙarami ba shi da ajiya mai yawa, kafin iyaye su farga ya yi fari. Lokacin ne kuma jini ke ƙaranci don masu buƙata sun yi yawa masu badawa ba su ƙaru ba.

Abin da mutumin Mirya ya ba ka kai ma kana da irinsa a jikinka. In ka warke sarai, shekarunka sun kai 18, nauyinka ya kai kilo 50, za ka iya badawa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kwanciyar ba ta wuce minti 10 zuwa 15, namiji kuma yana iya komawa bayan wata 3. Ana gwada ka tukuna, in ba ka isa ba za a ce ka bari. Kar ka jira sai an kira ka don wani naka, ka je haka kawai ka ce ka zo badawa, jakar jinin za ta tarar da mai ita. Mutanenmu suna tsoro wai in an ɗibi jini ƙarfin namiji na raguwa ko ba ya dawowa, ba haka ba ne, jiki na mayar da shi, ka ci abinci ka sha ruwa kawai.

Wani abin kuma da ba ya cin ko dala, ka zama mai faɗa a lungunku. In masu rabon maganin rigakafin palu na damina suka zo, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 sau ɗaya kowane wata, ka tsaya ka ga an ba da na kwana na 2 da na 3 a gida, don nan ne iyaye ke sakaci. Ka koya ma maƙwabta duba tafin hannu da cikin fatar ido. Maganarka za ta fi tawa shiga, kai ka ɗauki taka a kafaɗa cikin ruwa.

Telan Dole:

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri, na yi kwana 10 ban leƙo ba don ina so in dawo da abin faɗa.

Malam na Garin Malam, da baki na faɗa, maiɗakina ma ta ji, na kuma samu limaminmu ya faɗi kusan abin da kuka faɗa. Na samu gwangwani na huda, duk ɗinkin da aka biya ina jefa dala ashirin, in Allah Ya kai mu bayan babbar salla da kuɗin dabbobi ke sauka sai in duba abin da ya taru. Jini kuma na je, sun ce in ƙara wata guda in komo, na rubuta ranar a bangon shago.

Ɗan uwana na Kara-Kara ka ci ni da gaskiya, har yarona sai da ya yi dariya da na karanta masa maganar jibi. Na so in sa ran Alhamis tunda almajirai na hutu, sai na tuna ranar kasuwa ce ba zan samu kai ba, na mayar Juma'a da safe daga ƙarfe 8 zuwa 9, na bi shawarar Baban Fada na ce riga guda ko wando guda kowane yaro. Juma'ar farko 4 suka zo, ta biyu 13, har da wani ƙarami da ya tuɓe rigar ya tsaya ba komai yana jira don ita kaɗai gare shi, na ba shi ƙyalle ya yafa. Ƙarfe 9 ta yi saura 5 a layi ban iya korarsu ba sai 10 saura muka gama, ga mai kaftani yana zaune yana duba agogo.

Yaya Maman Biyu randa ma ta zauna a ƙofar shago, sai dai tawa tana tsatsa da yawa, kafin azahar rabi ya tafi ƙasa, ko sabuwa ce ta sa ko an saida mini mai tsaga ne? Kuma teloli da ke nan, wanda ke da ragowar baƙin zare ko mazagi ko guntayen yadi masu kauri da ba ya so ya yi mini magana, nawa sun kusa ƙarewa, wandunan yaran nan duk a gwiwa suke mutuwa.